Daga Wasan Kara Zuwa Wayar Salula: Tarihin Barkwanci a Ƙasar Damargu

Masu iya magana na cewa wargi ma wuri yake samu. Galibi akan kawo wannan karin magana ne domin a ja kunnen mai raini, amma in aka dube ta da idon basira za a tarar tana ɗauke da wata daɗaɗɗiyar ƙa'ida ta zaman tare, wato wasa yana da muhallinsa, yana da lokacinsa, kuma akwai waɗanda al'ada ta yarje wa su yi shi da juna. A yau, a tashar motar Tanut ko a kasuwar Balbeji, ba abin mamaki ba ne a ga samari sun yi da'ira a kan tabarma, butar shayi na bisa gawayi, wayar salula guda tana zagayawa daga hannu zuwa hannu, ana ta ƙyaƙyata dariya. Abin da ake kallo bai wuce jakin da aka ɗora wa muryar ma'aikacin ofis yana cewa a dawo gobe ba, ko wani yanki na fim ɗin Indiya da aka sauya wa zance, ko hoton wani babban mutum da aka yi wa kwaskwarima. Mai hange daga nesa zai ɗauka baƙon abu ne da intanet ta zo da shi. Tarihi kuwa ya nuna cewa jakin da ma'aikacin da babban mutumin duk tsofaffin 'yan wasa ne a wannan ƙasa. Abin da ya sauya shi ne wurin da wargin yake samu, kuma wannan sauyi ya zo da nasa rigingimun.

Damargu, Zangon Ayari

Damargu ita ce ƙasar da ke arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, inda gonakin gero na ƙarshe suke iyaka da makiyaya. A tsarin mulki na yanzu ta ƙunshi gundumar Tanut, mai garuruwa irin su Gangara da Olelewa da Falanko da Tanhiya, da kuma gundumar Balbeji ta ƙasar Tarka, wadda aka yanke daga Tanut a shekarar 2011. Mazaunanta sun haɗa da Dagirawa, dangin Barebari, da Hausawa da Abzinawa da Fulani.

A ƙarni na 19 wannan ƙasa ita ce rumbun hatsin Abzin, kuma zango ce ga ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Ghat da Abzin ya nufi Damagaram da Kano. A nan ne, a garin Tagelel, matafiyan Turai uku, Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg, suka rabu a watan Janairu na 1851, kowa ya kama gabansa, Richardson ya nufi Damagaram, Barth kuma ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Masanin tarihi Stephen Baier, wanda ya nazarci cinikin Damargu tsakanin 1870 da 1930, ya bayyana yadda rayuwar manomi da ta mai raƙumi suka sarƙe da juna a wannan yanki: wannan na buƙatar gishiri da dabino, wancan na buƙatar gero.

Duk inda ayari ya sauke kaya, labari ma yana sauke nasa. A zango ake jin yadda mutanen wata ƙasa suke magana da cin abinci da rowa da kyauta, a nan ake kwaikwayon harshen baƙo, shi ma ya rama. Hausa ce harshen ciniki da ya haɗa su. Amma zaman bai rasa tsami ba, domin akwai mai karɓar haraji da mai biya, akwai hari, akwai kuma garken da ke faɗa wa gona kafin a kwashe amfani. Jama'ar da ke zaune a irin wannan hali tana buƙatar hanyar faɗar magana mai ɗaci ba tare da an zare takobi ba.

Wargi da Ƙa'idojinsa

Hanya ta farko ita ce wasan barkwanci tsakanin dangi da tsakanin ƙabilu. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna da izinin tsokanar juna, haka kaka da jika. A tsakanin al'ummu kuwa, wasan Fulani da Barebari ya shahara ko'ina, kamar yadda na Abzinawa da Zabarmawa ya shahara a Nijar. Abokin wasa yana iya kiran ɗan'uwansa bawa ko matsoraci ko maci-tuwo a bainar jama'a, kuma abin kunya ne wanda aka tsokana ya yi fushi. Sai dai izinin yana tafe da nauyi. Abokin wasa ba ya cutar da abokin wasansa, in rigima ta tashi shi ne mai shiga tsakani, kuma a watan farko na shekarar Musulunci ake biyan kuɗin shara domin sabunta zumunci. Wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan gadon al'adun duniya da sunan Nijar a shekarar 2014.

Hanya ta biyu ita ce ta dabbobi. Tatsuniya ta daɗe da gano cewa abin da ba a iya faɗa wa sarki ana iya faɗa wa Zaki. Gizo talaka ne marar ƙarfi, wanda ba shi da jari sai wayo. Kura ita ce mai kwaɗayin da ke kai ta ga halaka. Dila kuwa malamin daji ne, mai ilimin da yakan yanke hukunci ta inda zai tsira da rabonsa. Turawan mulki sun tarar da waɗannan labarai a raye, har suka tattara su: Landeroin da Tilho sun buga nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Paris a 1909, Frank Edgar kuma ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Ita ma tatsuniya tana da shingenta. Da dare ake yin ta, ana buɗe ta da kalmomin da kowa ya sani, a rufe da ƙurunƙus, domin mai sauraro ya san an fita daga duniyar ƙarya an dawo ta gaskiya. Haka tashe yake da watan azumi, haka 'yan kama suke da dandalinsu, inda sukan juya wa'azin malamai ya koma zancen tuwo da miya, malaman kuma su yi murmushi su wuce.

Ko masifa ba ta tsira daga wannan baiwa ba. Yunwar 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi, mutanen Maraɗi da Damagaram sun raɗa mata suna El Buhari. Damargu na cikin yankunan da farin ya fi gallaba, kuma sunan ya nuna yadda talaka yakan ɗaure tarihi da siyasa cikin kalma guda, ya bar wa na baya.

Ranar da Ofis ya Iso

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, kuma a ƙarshen shekarar nan ayarin soja na Foureau da Lamy ya ratso Damargu daga Abzin. Ba a jima ba aka kafa bariki a Jajiduna, daga baya mazaunin mulki ya koma Tanut. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe, ayarin Tarabulus ya zama labari. A madadinsa sai ga wani sabon iko wanda ba ya hawan doki, yana zaune ne a bayan tebur: kwamanda da tafintansa, da magatakarda, da gardi, da takardar lanho, da aikin tilas. Zinder ce hedkwatar mulkin mallakar Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, saboda haka mutanen wannan yanki sun riga mafi yawan 'yan ƙasar sanin halin biro.

Ofis ya zo wa mai barkwanci da kayan aiki irin wanda bai taɓa samu ba. Ga mutumin da ke magana da harshen da ba mai ji, ga tafintan da ke juya magana yadda ya ga dama, ga takardar da ta fi rantsuwar dattijo ƙarfi, ga kuma ɗan ƙasa da ya sa wando da tabarau ya manta gaisuwa. Dila malamin daji ya samu kujera da hatimi.

Amsar da Damagaram ta bayar ita ce wasan kara. Bayan an kwashe amfanin gona, samari sukan kafa gwamnatin wasa, su naɗa sarkinsu da fadawansa, su ƙera kayan mulki da karan gero da na dawa, tun daga bindiga har tabarau da na'urar ɗaukar hoto. Da masu mulki suka sauya, wasan ya buɗe musu ƙofa: aka samu kwamandan kara, daga baya gwamnan kara da ministocin kara, har da shugaban ƙasa na kara. Akan nemo wanda ya yi kama da mai muƙamin, ya koyi tafiyarsa da kaurin muryarsa da yadda yake gyara hula. Babban sirrin wasan shi ne, wanda ake kwaikwayo yakan zo ya zauna a rumfa ya kalli kansa, jama'a kuma suna kallon fuskarsa. In ya yi dariya ya ƙaru da daraja, in ya ɗaure fuska ya ba da kansa. Inoussa Ousseini ya ɗauki wannan wasa a fim a 1980, kuma an sake fito da shi a gaban manyan ƙasa lokacin da Zinder ta karɓi bikin 18 ga Disamba na 2018.

Rediyo da Sinima da Kaset

Bayan samun mulkin kai a 1960, kwamanda ya tafi amma tebur ya zauna, sai barkwanci ya bi sabon mai kujera. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, ya fitar da gajeren fim na zane mai motsi a 1966 mai suna Bon voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi yake tafiya ziyarar aiki da duk wani tsarabe-tsaraben faretin girmamawa. A shekarar nan kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hargitsa ƙauye. A 1972 ya fito da F.V.V.A., wato mace da gida da mota da kuɗi, kan ƙaramin ma'aikacin da burin rayuwar birni ya kai shi ga taɓa dukiyar hukuma. Dabba da ofis da zane da kwaikwayon finafinan waje, waɗanda su ne jigogin barkwancin intanet a yau, duk sun haɗu a hannun mutum guda tun kafin a san kwamfuta a ƙasar.

Sai dai sinima ta tsaya a manyan birane. Rediyo ce ta kai ƙauye. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka kafa hukumar ORTN a 1967, kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Zinder, wadda sunan Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ta riƙa shiga gidaje da wasanni cikin Hausa kan alhazan birni da ma'aikata da rikicin gado da na aure. Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan fasaha a 1987. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa sun ba wasan kwaikwayo fili, amma fili ne mai shinge: ana iya yi wa ɗan ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci dariya, ba a ɗaga ido sama da haka. Daga kudu kuma Rediyon Kaduna na kawo Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya mayar da gaurayen Hausa da Ingilishin bariki abin nishaɗi.

Taron ƙasa na 1991 ya kwance bakin jama'a. Jaridu masu zaman kansu suka fito, tun daga Haské a 1990, har zuwa masu zambo da zanen barkwanci irin su Le Canard déchaîné, wadda shugabanta Abdoulaye Tiémogo ya sha ɗauri fiye da sau ɗaya. Shekarun nan ne kuma na karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da na albashin da kan yi watanni bai fito ba, har ma'aikacin da ake tsoro jiya ya koma mai cin bashi wurin mai tebur. A cikin wannan zaman kashe wando ne samarin Zinder suka fara kafa majalisun shayi da suka kira fada, abin da ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Sunan kansa barkwanci ne: marasa aikin yi sun kira tabarmarsu da sunan zauren sarki, sun naɗa shugaba da ma'aji, wasu ma sun ara wa fadarsu sunan wani birnin Amurka.

A daidai lokacin ne finafinan Kano suka fara kwararowa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset sannan a faifai, ana kallonsu a gidajen kallo masu janareto. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya zama Gizon wannan zamani, yau ɗan sanda, gobe boka, jibi mawaƙin da ke juya waƙar da ta yi tashe. Tsohuwar hanyar ayari ta sake raya, amma yanzu kayan daga kudu suke hawowa.

Waya a Hannun Kowa

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Tun kafin intanet ta wadata, wayar ta riga ta zama rumbu. Masu tura waƙoƙi da finafinai sun kafa tebur a kasuwanni da tashoshin mota, ana cika katin waya da kuɗi kaɗan, abokai kuma su tura wa juna ta bulutut. Ta wannan hanya ce waƙoƙin Mdou Moctar, waɗanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008 da salon kiɗan finafinan Hausa, suka zagaye Sahel ba tare da kamfani ko kanti ba. Direban babbar mota da ɗan ci-rani mai dawowa daga Libiya ko Aljeriya ta Agadas su ne madugan wannan sabon ayari, Tanut kuwa tana nan a kan hanya kamar yadda take tun zamanin Barth.

Babban juyi ya zo ne da WhatsApp ta shigo da saƙon murya a 2013. A ƙasar da yawancin manya ba su yi lakwal ba, rubutaccen barkwanci na 'yan boko ne kaɗai, amma murya ta kowa ce. Makiyayi a Tanhiya da ɗansa da ke aikin gini a Tamanrasset suna iya dariya kan abu guda a yini guda. Fassarar finafinan Indiya da ɗakunan ɗaukar murya na Kano irin su Algaita suka yayata ta koya wa yara cewa kowane hoto ana iya cire masa harshe a sa masa wani. Daga nan sai raƙumi ya fara ƙorafin tsadar mai, biri ya zama mai gadin ofis, akuya ta zama fasinjar da ta ƙi biyan kuɗin mota. Facebook da TikTok suka ƙara faɗaɗa dandalin. Wanda ya san tatsuniya ba zai rasa gane fuskokin ba.

Abin da ya Faɗi a Hanya

Kowane tsohon wargi yana da abu uku: lokaci sananne, wuri sananne, da dangantaka tsakanin mai tsokana da wanda ake tsokana. Waya ta ɗauko 'yan wasan ta baro waɗannan ukun. Zolayar da Babarbare zai yi wa Bafulatani a bakin rijiya, su rabu suna dariya, in aka naɗe ta aka tura, tana iya faɗawa hannun wanda ba abokin wasan kowa ba ne, a ranar da aka yi ɓarna a gona, ta zama zuga. Saƙon murya ba ya zuwa da ƙurunƙus, shi ya sa sau da yawa abin da aka ƙirƙira don raha yakan isa gari na uku a matsayin labari. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ake iya zarar ta sau dubu.

Mai mulki ma ya tashi daga rumfa. Ba ya zaune a gaban jama'a balle kunya ta tilasta masa dariya; a ofis yake ganin hoton, shi kaɗai ko tare da lauya. Alamun haka sun fara bayyana tun zamanin faifai, domin a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wasan da suka yi da sunan gwamnan jihar na lokacin a TikTok. A Nijar, dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. An sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, sannan hukumomin soja suka mayar da shi a Yunin 2024. A Fabrairun 2021 kuwa, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta waya na kimanin kwana goma, dandalin gaba ɗaya ya yi tsit.

Ba a musun cewa ƙazafi da zuga suna buƙatar magani. Amma doka ba ta iya rarrabe zambo da zagi yadda dattawan zango suke rarrabewa, kuma in tsoro ya hana a kwaikwayi ma'aikacin da ke cewa a dawo gobe, talaka ya rasa hanya mafi sauƙi da yake da ita ta kai ƙara. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, mai hankali ma ta nan yakan ji abin da fadawansa suka ɓoye masa.

Kammalawa

A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Fiye da shekara ɗari barkwancin ofis yana cin abinci ne daga ratar da ke tsakanin harshen tebur da harshen kasuwa, kuma ko ratar ta ragu, layin jira da hatimi da gobe suna nan, saboda haka Gizo ba zai rasa aiki ba. Abin da Damargu da Damagaram suka gada, wanda ya fi kowace na'ura tsada, shi ne sanin cewa wargi yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. A kan mai wasa akwai sanin wanda yake tsokana da inda zai tsaya. A kan mai iko kuma akwai haƙurin zama a rumfa ya kalli na karansa yana wucewa. Samarin fada sun riƙe rabin gadon a cikin wayoyinsu, sauran rabin yana hannun iyaye da malamai da masu mulki.